Yadda Koriya Ta Kudu Ta Tashi Daga Tsimi Zuwa Yawan Saye

Lokacin da aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya a 1953, Koriya ta Kudu na cikin matalautan ƙasashen duniya. A farkon shekarun 1960, abin da ɗan ƙasar ke samu a shekara bai wuce dala 100 ba.

Janar Park Chung-hee ya ƙwace mulki a 1961, kuma a 1962 ya fito da shirin raya ƙasa na shekara biyar. Gwamnati ta riƙe bankuna, ta riƙa bai wa manyan kamfanonin iyali bashi mai sauƙi bisa sharaɗin su sayar da kayansu a ƙetare. Samsung, wanda ya faro da cinikin busasshen kifi da taliya a Daegu a 1938, ya shiga ƙera kayan lantarki a 1969. GoldStar, wanda ya koma LG, ya ƙera rediyon ƙasar na farko a 1959. Hyundai kuwa ya fito da motar Pony a 1975.

Duk tsawon wannan lokaci tsimi aka hori talaka da shi. An toshe ƙofar shigo da kayan alatu, an danne ƙungiyoyin ƙwadago, ma'aikata na yini a masana'anta kan ɗan albashi. Ko talabijin mai kala, sun yi shekaru suna ƙera wa wasu kafin a fara watsa shirye-shirye da kala a gida a 1980.

Bayan yajin aikin 1987 albashi ya haura, gasar Olamfik ta zo Seoul a 1988, aka kuma sakar wa kowa mara ya fita yawon duniya a 1989. Daga nan sayen mota da gidan bene da kayan yayi ya zama ma'aunin mutum. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997, gwamnati da kanta ta kwaɗaitar da jama'a amfani da katin bashi, har a 2003 miliyoyi suka kasa biya.

A nan ƙasarmu kuwa, a garuruwa irin su Makarfi da Ikara da Kudan, wayoyin Samsung da talabijin na LG sun iso ba tare da masana'antar ƙera su ba. Kuɗin rake da tumatir ke sayensu, alhali raken ɗanye ake lodinsa a mota, sai wanda ake dafawa ya zama mazarƙwaila. Koriyawa sai da suka shekara kusan talatin suna ƙerawa kafin sayayya ta zama ɗabi'arsu.