In ka tsaya a Jidda, ina za ka sauka?

1/ Jama'a, zuwana Jidda na farko otal ɗin bakin teku na kama. Kuɗi sun tafi, garin kuwa ban gan shi ba. Ashe garin na asali yana Balad.

2/ Sayyidina Usman ne ya mai da Jidda mashigar Makka ta teku, wajen shekara ta 26 bayan Hijira. Ganuwa ta kewaye ta har 1947, lokacin da aka rushe ta.

3/ Gidajen Balad da duwatsun teku aka gina su, ga tagogin katako da ake kira rawashin, masu shigo da iska. A Baitu Nasif Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925.

4/ Kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙafa, suka haye Bahar Maliya, a nan suke sauka, sannan su fita ta Bab Makka.

5/ Zuwa na biyu kusa da Balad na kwana. Ɗakin ƙarami ne, ga cunkoso, ba zan ɓoye muku ba. Amma bayan Magariba na taka har Bab Makka, na tsaya na yi wa kakana addu'a.