Saƙo da Amana: Tarihin Aike a Ƙasar Hausa daga Ayari zuwa Gidan Waya

Kalmar nan wasiƙa, wadda kowane ɗan makaranta ya sani, Hausawa sun aro ta ne daga Larabci, inda a ke cewa wathiƙa. Harafin nan na Larabci da a ke furtawa da harshe tsakanin haƙora babu shi a Hausa, saboda haka sai ya koma s, kamar yadda ya faru a Usman da sulusi da misali. Tushen kalmar a can yana nufin ɗaure abu tamau da kuma amincewa da mutum. Ita kuwa takarda, masana harshe sun ce daga bakin Buzaye ta shigo. Ke nan kalmomin biyu duka ta hanyar ayari suka iso, tun kafin a yi mafarkin gidan waya, kuma ta farkon ta zo ɗauke da ainihin damuwar duk mai aike, watau wa za a amince wa, kuma wa za a kama in saƙo ya salwanta.

A zamanin da, babu wani ofis da talaka zai je ya miƙa ƙunshinsa. Sarakuna suna da jakadunsu da manzanninsu, waɗanda su kan ɗauki wasiƙa mai hatimin sarki su kai ta hannu da hannu. A daular Sakkwato, tun daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, gidan Waziri ne ke riƙe da yawancin wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 sun sami tarin irin waɗannan a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya fassara waɗansunsu aka buga cikin 1927. Wanda ya duba su zai ga da yawa gajeru ne ƙwarai, galibi kuma babu kwanan wata. Dalili kuwa shi ne takardar shaida ce kawai cewa wannan mutum daga wane ya fito, sauran magana tana bakin manzo. In an yarda da shi, an yarda da saƙon.

Wanda ba sarki ba sai ya jira ayari. Fataken goro masu zuwa Gwanja da Larabawan Gadamas masu ratsa hamada ta Gat da Agadas da Damagaram su ne gidan wayar wancan zamani. Mutum ya kan kai ƙunshinsa wurin madugu, ko wurin wani falke da ya sani, ko ya ba fatoman da baƙin suka sauka gidansa, a gaban shaidu in abin mai daraja ne. Shari'a kuma ta san da wannan. A littattafan Malikiyya da a ke karantawa a zaure, irin su Risala da Muhtasar, wanda aka ba ajiya amintacce ne: in ya ce ta halaka ba da sakacinsa ba, a kan karɓi maganarsa, in ana tuhumarsa ya rantse. Saboda haka abin da ke tsare kayan mai aike shi ne mutuncin mai ɗauka da tsoron Allah da tsoron a ce ya ci amana, gama falken da sunansa ya ɓaci a Kano ba zai sami mai ba shi bashi a Salaga ba.

Babu inda a ke ganin ƙarfin wannan tsari da rauninsa a fili kamar a labarin Heinrich Barth, Bajamushen nan da Hausawa suka sani da Abdulkarim, domin ya rubuta kusan kowane saƙo da ya same shi da wanda ya kuskure masa. Ya taso daga Tarabulus cikin 1850 da yawun gwamnatin Ingila, ya shiga Kano cikin Fabrairu 1851. Duk kuɗinsa da umurninsa daga London su ke fitowa, su bi ta Tarabulus da Murzuk, sa'an nan su jira raƙumi. Cikin Yuli 1852, yana Masenya ta ƙasar Bagarmi a matse, manzo ya riske shi da wasiƙun da suka ba shi izinin ci gaba da tafiya bayan rasuwar shugabansu Richardson, wanda ya mutu tun Maris 1851. Mai karatu ya lissafa watannin da ke tsakani.

Cikin Janairu 1853 kuwa, a Zinder, wani Balarabe ya miƙa masa akwati biyu na sukari. A cikinsu an ɓoye dala dubu ta azurfa, an shirya su yadda kusan ba wanda ya gane kuɗi ne suka zo. Wannan dukiya ta ƙetare hamada ta hannun mutanen da Barth ba shi da ikon hukunta su, ta iso cif. To, amma wani akwatin da ya iso Zinder bayan ya wuce yamma sai aka ajiye shi wurin wakilin Wazirin Barno a garin. Ƙarshen wannan shekara Abdurrahman ya ture ɗan'uwansa Shehu Umar daga sarautar Barno, aka kashe Waziri Alhaji Bashir, aka kashe wakilin nasa, ajiya ta bi ruwa. Ba a sami mai cin amana ba a nan. Mai riƙon amanar ne ya mutu, kuma babu wani littafi ko wani ofis da ya gaje shi.

Ragowar labarin ya fi ban tausayi. A wajen Timbuktu cikin 1854 ya karɓi ƙunshin wasiƙu, waɗansu an rubuta su fiye da shekara guda kafin nan. Nasa wasiƙun kuma ba su isa kan kari ba, jita-jita ta riga su, har aka buga labarin mutuwarsa a Turai alhali yana raye. Da ya komo Kano cikin Oktoba 1854 ya tarar babu ko wuri da ke jiransa, don wa zai aika wa mamaci kuɗi? Sai da ya ci bashi wurin attajiran Gadamas da riba mai tsanani. Cikin Disamba ya yi kiciɓis a daji da Eduard Vogel, wanda aka turo daga Turai, shi ma ya riga ya ɗauka Barth ya mutu.

Akwai wani haɗarin kuma, na siyasa. Cikin 1826 Clapperton ya komo Sakkwato karo na biyu ɗauke da wasiƙa da kyautai na Sarkin Ingila zuwa ga Shehu Laminu na Barno. Ya tarar ana yaƙi tsakanin daulolin biyu, Sarkin Musulmi Bello ya karɓe wasiƙar da kayan, waɗanda akwai makamai a cikinsu. Clapperton ya ga an keta alfarmar manzo. Amma da wuya a sami sarkin da zai bar bindiga ta ratsa ƙasarsa zuwa ga wanda ya ke yaƙi da shi, kuma har yau kowace gwamnati tana buɗe ƙunshi a kan iyaka. Clapperton ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ne ya ɗauki takardunsa har bakin teku ya kai su Ingila.

Abin da Turawa suka kawo daga baya wata dabara ce dabam, ta mai da amana daga wuyan mutum zuwa wuyan ofis. A Turai ma ba ta daɗe da kammala ba. Cikin 1874 ne ƙasashe 22 suka ƙulla yarjejeniya a Bern ta ƙasar Suwizalan, suka mai da kansu kamar ƙasa guda wajen wasiƙa, suka kuma yanka diyyar faranka 50 ga saƙon rajista da ya ɓace. Maganar ƙunshin kaya sai 1880 aka daidaita ta a Faris. A nan kuwa, Ikko ta sami gidan waya tun farkon shekarun 1850, Kamfanin Neja ya buɗe nasa a Lakwaja cikin 1899, Jihar Arewa ta fid da kan sarkinta na farko cikin 1900.

Sunayen da Hausawa suka raɗa wa waɗannan abubuwa suna nuna abin da idonsu ya fara gani. Ba su ce gidan wasiƙa ba, suka ce gidan waya, gama igiyar ƙarfen nan ta tangarahu da aka ja bisa turaku ita ce abin mamaki. Wasiƙa kam an saba da ita, kuma a farkon zamanin Turawa da ƙafa a ke kai jakar, ko a kwalekwale, kamar dai yadda a ke yi da. Kan sarki kuma abin lura ne. Na farkon da aka buga kan Sarauniya Victoria ke jikinsa, amma ta rasu cikin 1901, daga nan sarakuna maza suka yi ta bin juna har 1952. Ga alama cikin waɗannan shekaru hamsin ne sunan ya zauna, bai kuwa tashi ba ko da Sarauniya Elizabeth ta hau, ko bayan 1960 da aka riƙa buga tsuntsaye da namun daji a wurin. Bahaushe ya ɗauki ɗan hoton nan a matsayin hatimi, watau saƙon ya shiga inuwar sarki, taɓa shi laifi ne.

Sauri ya zo da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, aka haɗa shi da Ikko cikin 1912, tafiyar wajen mil 700 da ta kan ci makonni ta koma ta 'yan kwanaki. Jiragen sama na sojan Ingila sun sauka Kano cikin Nuwamba 1925, cikin 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Hamadar da ta riƙe wasiƙun Barth wata da watanni aka daina lissafa ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Arewa da ke Bama sun riƙa aiko da wasiƙu gida, kuma a ƙofar gidajen waya marubuta suka kafa tebur suna rubuta wa waɗanda ba su yi boko ba.

Amma fa ofis bai kori sanayya ba, iyakarsa ya kai saƙo gari. Yawancin gidaje ba su da lamba, titunan cikin birni ba su da suna a rubuce, ba a kuwa saba bi gida gida da wasiƙa ba. Mai hali ya kan kama akwatin gidan waya, ma'aikata su kama jaka. Sauran jama'a sai su rubuta "ta hannun" wane, ko hedimasta, ko magatakardan hakimi, ko wani ɗan kasuwa mai akwati. Wasiƙar da ta ƙetare teku cikin mako guda ta kan kwana goma a aljihun wannan mutum, ko ta iso an riga an karanta ta. Ashe jakadan nan na da bai tafi ko'ina ba, ya koma ƙarshen hanya ne kawai. Rasit kuma, ko da ya ke ya fi rantsuwa sauƙin kai wa gaban hukuma, diyyarsa ƙayyadadda ce. Wanda ya aika da rigar da aka shekara ana yi wa aiki, in ta ɓata, abin da doka ta yanka za a ba shi, ba kuɗin rigar ba, sai in ya yi mata inshora tun farko.

Nijeriya ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya da sunanta cikin 1961. Cikin 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar, harkar tarho ta koma NITEL, ta wasiƙa ta koma NIPOST. Shekarun da suka biyo baya na matsin tattalin arziki ne, koke-koken jinkiri da na ƙunshin da ya iso a farke suka yi yawa, kamfanoni masu zaman kansu irin su DHL suka kwashe manyan 'yan kasuwa da ofisoshi. Waɗannan suna ba da lambar da mai aike zai bi sawun kayansa da ita daga zango zuwa zango, abin da ko sarki bai samu ba a da, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin mai aika buhun gero ko ƙullin kilishi.

Shi wannan sai ya nufi tasha. Tun da wayar hannu ta bazu bayan 2001, aike ta hannun direba ya zama babbar hanya tsakanin garuruwa. Mai aike ya kan rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jikin kwali, ya biya ɗan kamasho, ya karɓi lambar direba da ta mota, ya buga wa ɗan'uwansa ya ce ga wanda zai tara. Hannu da hannu, cinikin makaho. Sau da yawa babu rasit, babu ma'auni, babu diyyar da aka rubuta. In kaya suka ɓata, wurin shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar a ke kai ƙara, su kira direban, wanda sun san gidansa da mai motarsa, kuma sun san gobe da asuba dole ya dawo layi ya yi lodi.