Agana da Lamba a Ƙasar Zazzau: Shaidar da Harshe Ya Adana

Cutar da Hausawa suka fi tsoro a zamanin da tana da suna fiye da ɗaya. Sunanta na ainihi agana, amma ba kowa ke son furta shi ba. Waɗansu sukan ce 'yan rani, waɗansu kuwa su sakaya su ce ado, kamar yadda akan kira maciji igiyar ƙasa da dare. Tabon da takan bari a fuskar wanda ya tsira shi ne zanzana, har ma a cikin iskokin bori akwai waɗanda ake kira 'ya'yan zanzana, kamar yadda Tremearne ya ambata a littafinsa na 1914. Kuma Bahaushe bai taɓa haɗa ta da ƙyanda ko ƙarambau ba, ko da yake dukansu ƙuraje ne.

A cikin sunayen nan, 'yan rani ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin a cikinsa akwai ilmi. Likitoci sun tabbatar daga baya cewa a Afirka ta Yamma agana takan yi ƙarfi da rani, ta lafa da damina. Dalili biyu ne. Na farko, ƙwayar cutar ta fi jurewa a busasshiyar iska irin ta hunturu. Na biyu kuwa, da rani mutane ke tafiya: an gama girbi, fatake sun ɗaura kaya, almajirai sun bi malamansu, 'yan cin rani sun nufi birane. Wanda ya kamu yakan yi wajen kwana goma sha biyu bai san yana ɗauke da kome ba, wanda kuwa ya isa mutum ya tashi daga Sakkwato ya sauka a Zariya lafiya lau. Tudun Wada irin masaukin nan ne. A farkon mulkin Turawa aka kafa ta a wajen ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa wajen Kubanni, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, kuma tun 1911 jirgin ƙasa yake kawo mutane Zariya. Unguwar da baƙi ba su yanke mata, ko an yi wa mazaunanta duka rigakafi bana, baɗi sai a tarar da sababbin da ba a yi musu ba.

Kada a ɗauka cewa Turawa ne suka fara kawo tunanin rigakafi ƙasashen nan. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma an daɗe ana ɗibar ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, ya yi ciwo mai sauƙi, ba ya sake kamuwa. Barth ya tarar da wannan al'ada wajen Margi a 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Adamawa. Tun kafin wannan ma, wani bawa ɗan Afirka da aka raɗa wa suna Onesimus shi ya bayyana wa ubangijinsa Cotton Mather dabarar, aka gwada ta a Boston ta Amurka a annobar 1721. Amma fa tana da aibi: akan rasa mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma wanda aka yi wa yana iya harbin na kusa da shi.

Abin da Edward Jenner ya gano a Ingila a 1796 shi ne ƙurjin shanu yana ba da kariya ba tare da wannan haɗari ba. Ita ce Hausawa suka kira lamba, sunan kuwa ya dace, domin tabon da ke damtse shi ne shaidar an yi. A zamanin En'e, ma'aikatan lafiya da duba-gari sukan bi kasuwanni da makarantu suna yi, dagatai da masu unguwa suna tara musu jama'a. Duk da haka agana ba ta gushe ba, aka riƙa ɗora laifin a kan jahilcin talakawa. Wannan hukunci bai cika adalci ba. Gaskiya ne akan ɓoye marasa lafiya, kuma namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle. Amma maganin da ake kawowa daga Yaba ta Ikko danye ne, zafi yakan kashe shi a hanya. Uwar da ta ga an tsaga wa ɗanta hannu, lamba ba ta kama ba, sa'an nan agana ta kama shi, ba za a ce ba ta da hujja ba in ta ɓoye ƙanensa. Sai a shekarun 1950 Leslie Collier ya kyautata hanyar busar da maganin a Ingila, ya zama yana jure wata guda cikin zafi.

Da wannan busasshen magani aka shiga babban yaƙi a 1967, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa shirin kawar da cutar. Ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka haɗu, Amurka ta ba da kuɗi da likitoci daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Atlanta. Aka zo da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa, ba ta da allura, tana iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda, aka kuma haɗa da rigakafin ƙyanda ga yara. A shekarar nan aka raba Jihar Arewa, Lardin Zazzau ya faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu yana kan gado, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Aikin bai tsaya ba.

Sai dai abin da ya karya lagon cutar ba yawan lamba kaɗai ba ne. A Disamba 1966 wani likita, William Foege, ya tarar da ɓarkewar agana a ƙasar Ogoja alhali maganinsa kaɗan ne. Sai ya nemi inda masu ciwon suke, ya yi wa na kewaye da su, da kasuwannin da suke ci, cutar ta mutu a nan. Dabarar ta yiwu ne domin agana ba ta da maɓoya a jikin dabba, kuma ba ta ɓoyuwa a fuska. Da aka gane haka, sai aka matsa mata a ƙarshen damina, lokacin da ta fi rauni, kafin matafiyan rani su ɗauke ta. Watau abin da sunan 'yan rani ya daɗe yana faɗa shi aka mayar makami. A watan Mayu 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya da yankin duka. Na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a duniya a Marka ta Somaliya yake, a Oktoba 1977, kuma ranar 8 ga Mayu 1980 aka shelanta an kawar da ita.

Cutar ta tafi, kalmominta suna bin ta. Yau a Tudun Wada sai a fuskar tsoho ake ganin zanzanar agana, tabon da ke hannun yara kuwa na rigakafin tarin fuka ne. Da wata 'yar'uwar agana ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, wadda tsohuwar lamba take ba da kariya daga gare ta, gidajen rediyo ba su kira ta aganar biri ba. Suka ce ƙyandar biri, alhali kuwa ba ta da dangantaka da ƙyanda.