Kula da fata mai maiƙo a lokacin kaka

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, kaka kan kama ne a ranar 22 ko 23 ga watan Satumba, lokacin da tsawon dare da na rana ke daidaita, ta ci gaba har zuwa wajen 21 ga watan Disamba. A wannan tsakani ne zafi ke ja baya, iska ta yi sanyi, a kuma fara kunna na'urorin ɗumama ɗaki.

Iska mai sanyi ba ta riƙe danshi da yawa, ɗumama ɗaki kuwa na ƙara busar da ita. Saboda haka ne mutane da dama waɗanda fuskarsu ke naso da maiƙo a lokacin zafi kan wayi gari su ga kumatunsu sun yi gautsi suna saɓa, alhali goshi da hanci na nan suna ƙyalli.

Maiƙo daban, ruwa daban

Maiƙon fuska na fitowa ne daga wasu ƙananan halittu da ke gindin gashi, waɗanda suka fi yawa a fuska da fatar kai. Gado da sinadaran balaga ne suka fi tasiri a kan yawan abin da suke fitarwa.

Idan maiƙon ya game fuska duka, ana cewa fata mai maiƙo ce. Idan kuwa ya tsaya a goshi da hanci da haɓa, kumatu suka zauna a bushe ko daidai, to, wannan ita ce fata mai ruwa biyu.

Abin da likitocin fata ke jan hankali a kai shi ne, yawan maiƙo ba ya nufin fata na da isasshen ruwa. Ɓawon fata na sama shi ne shingen da ke hana ruwan jiki tsiyayewa. Idan busasshiyar iska da sabulu mai kaifi suka raunana shi, sai fata ta fara ɗaurewa da zafi da ƙaiƙayi, ko da kuwa tana ƙyalli.

Wanke fuska

Ƙungiyar Likitocin Fata ta Amurka na ba da shawarar a wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, sai kuma bayan an yi gumi sosai. Ana so a yi amfani da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da yatsu maimakon soso.

Irin sabulun ma abin dubawa ne. A ma'aunin pH, fatar ɗan Adam tana wajen 4.5 zuwa 5.5, yayin da sabulun wanka na gama-gari kan kai 9 zuwa 10. Wannan tazara ce ke sa fuska ta ɗaure bayan wanka. Ruwan wankin fuska mai sauƙi, marar ƙamshi, ya fi dacewa. Haka kuma ya kamata a ajiye ruwan goge fuska mai ɗauke da barasa, domin yana ƙara busar da fata.

Man shafawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙaurace wa man shafawa gaba ɗaya don tsoron ƙuraje. Abin da ake bukata shi ne mai marar nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Sinadarai irin su gilisarin da hayaluronik na jawo ruwa su riƙe shi, seramaid kuwa na taimakawa wajen gyara shingen fata. An fi samun amfaninsu idan aka shafa tun fuska na da sauran danshi.

Mai fata mai ruwa biyu zai iya raba fuskar gida biyu: kaɗan a goshi da hanci, mai ɗan kauri a kumatu. Man kwakwa da man koko na iya toshe ƙofofin fata ga masu saurin yin ƙuraje. Man kaɗanya ma yana da nauyi, ya fi dacewa da hannu da gwiwa da diddige.

Magungunan ƙuraje

Sinadarin salisilik, wanda ake sayarwa da ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari, yana buɗe ƙofofin da suka toshe. Benzoyil feroksaid na kashe ƙwayoyin cutar da ke haddasa ƙuraje, sai dai yana koɗar da launin tawul da rigar matashi. Akwai kuma adafalin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a shekarar 2016 a riƙa sayar da mai ƙarfin kashi 0.1 ba tare da takardar likita ba.

Dukkansu suna busar da fata. Don haka idan sanyi ya shigo, ya fi kyau a rage su zuwa sau biyu ko uku a mako in an ga fuska na saɓa, kada kuma a fara biyu a lokaci guda. Sukan ɗauki makonni shida zuwa takwas kafin a ga canji. Ba a son mai juna biyu ta yi amfani da adafalin ko danginsa.

Rana da tabo

Raguwar zafi ba ta kawar da illar rana ba, domin nau'in haskenta da ake kira UVA na ratsa gajimare da gilashin taga. Likitoci na ba da shawarar man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka.

Wannan ya shafi masu baƙar fata musamman, saboda ƙurji kan bar musu baƙin tabo da ke ɗaukar watanni, rana kuma na ƙara masa duhu. Matse ƙuraje ma na haifar da hakan. Neman kawar da tabon ne ke kai wasu ga mayukan bilicin, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sitiroyid, mai sa fata ta yi siriri, ya kuma ƙara ƙuraje. Tarayyar Turai ta haramta sanya haidurokwinon a mayukan kwalliya tun shekarar 2001.

A ƙasar Hausa

Duk da cewa yanayin ba ɗaya ba ne, fata kan gamu da irin wannan sauyi a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, kaka ta shigo, sai danshi ya fara raguwa, kafin hunturu ya sauka a ƙarshen Nuwamba da iskarsa mai ƙura. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano kan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, saboda haka waɗannan matakai suna da amfani a can ma.

Idan ƙuraje suka yi manya masu zafi, ko suka fara barin rami a fuska, ko kuma gefen hanci da gira suka riƙa saɓa da ƙaiƙayi kamar amosanin kai, wanda shi ma kan tsananta da sanyi, to, abin da ya dace shi ne a je ga likitan fata.