Kunnen Ɗan'uwa: Yadda Sha'iran Hausa Suka Riƙa Yi wa Juna Gyara

Duk wanda ya saba karanta tsofaffin rubutattun waƙoƙin Hausa ya san yadda da yawansu suke ƙarewa. Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi, sha'iri kan faɗi sunansa da garinsu, wani lokaci har da yawan baitocin da ya tsara da shekarar da ya gama, sannan ya roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara masa. Mukan ɗauki wannan roƙo a matsayin tawali'u irin na malamai, mu wuce. Amma idan muka bi tarihin, za mu ga da gaske suke yi. Rubutacciyar waƙa a ƙasar Hausa ta girma ne a hannun mutane masu saurarar juna da yi wa juna gyara, kuma akasarinsu ba da waƙar suke ci ba. Wani malami ne, wani alƙali, wani ɗan kasuwa.

Daga zaure aka fara

A ƙarni na 19, malaman jihadi sun mayar da waƙa hanyar koyar da jama'a, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Awon da suka ɗora waƙoƙinsu a kai daga aruli ya fito, wato ilimin karin waƙar Larabci wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara tun ƙarni na 8. Karuruwa irin su Basiɗ da Kamil da Wafir da Mutaƙarab duk sun shigo Hausa ta wannan ƙofa. Ɗalibin da ya tsara waƙa a zaure yana da alƙalai tun kafin tawadarsa ta bushe: malaminsa da abokan karatunsa, waɗanda kunnensu ya saba da waɗannan karuruwa.

Daga wannan zama ne muka gaji tahamisi. Sha'iri zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu a kowane baiti, ya ɗora nasa ɗango uku a kai, baitin ya zama mai ɗango biyar. Dole ƙarin ya bi karin waƙar ta asali, ya bi amsa-amon ɗangon farko, ya kuma buɗe ma'anar da mai waƙar ya dunƙule. Babu mai iya wannan sai wanda ya karanta waƙar ɗan'uwansa gaɓa-gaɓa. Misalin da aka fi sani shi ne Tabban Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isan Kware ya yi mata tahamisi. Waƙar da ake rerawa yau ta bi ta hannu uku a gida ɗaya, kuma ba mu taɓa jin an ce hakan ya rage wa ɗayansu daraja ba.

Abin da ido ba ya gani

Me ya sa kunnen wani ya zama dole haka? Amsar tana cikin harshen kansa. Karin waƙar Hausa yana tafiya ne bisa gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Mu ɗauki kalmar "gari". Idan garin da mutane ke zaune muke nufi, gaɓar farko gajera ce. Idan garin tuwo ne, doguwa ce. A wurin awon waƙa waɗannan kalmomi biyu ba sa zama a gurbi ɗaya. Ajami yana da hanyar nuna wannan tsawo da alifi da wawi da ya. Rubutun boko da muke amfani da shi kullum ba ya nunawa. Saboda haka baiti zai iya zama tsaf a takarda, alhali yana ɗingishi a baki.

Mai waƙar shi ne na ƙarshe da zai gane haka, domin idan yana rerawa shi kaɗai yakan ja wasali a inda babu ja, ko ya haɗiye gaɓa, ba tare da ya sani ba. Sai wani ya karɓi takardar ya rera da nasa bakin, ya yi tuntuɓe, sannan a ga inda ramin yake. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Da ka yake tsarawa, wasu suke rubuta masa, kuma ingancin karinsa ya isa shaida cewa kunne ne ma'aunin wannan sana'a.

Gyara a bainar jama'a

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, waƙa ta samu sabon dandali. Wanda ya tsara baitoci a Bauci, na Katsina zai karanta. Gyaran ma ya faɗaɗa, ya tashi daga kari da amsa-amo ya kai ga ra'ayi. Lokacin da ake muhawarar makomar Arewa a ƙarshen mulkin Turawa, Sa'adu Zungur ya tsara Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna su gyara mulkinsu idan suna so sarauta ta ɗore. Mudi Sipikin na Kano, wanda bai kai shi shekaru ba, bai yarda ba. Ya mayar masa da amsa da waƙa, ya sa mata suna Arewa Jumhuriya Kawai. Matashi ya ƙalubalanci babba, amma sai da ya zauna ya auna nasa baitocin kafin ya buɗe baki. Wannan ladabi ne da ya kamata mu lura da shi: mai suka ya fara nuna ya iya aikin.

Zaman Kano

A farkon shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin sha'irai biyu da suka yi suna a Kano: Hausa Fasaha, wadda Aƙilu Aliyu yake jagoranta, da Hikima Kulob ƙarƙashin Mudi Sipikin ɗin nan. 'Yan Hikima mutanen gari ne masu sana'o'insu, waɗanda waƙa ta haɗa. Sukan taru a kai a kai, kowa ya zo da abin da ya tsara, ya rera, sauran su saurara, wasu waƙoƙin kuma su kai ga rediyo. Akwai mata a cikinsu. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983, sun yi hulɗa da wannan zama.

Zamanin kuwa cike yake da abin yi wa waƙa. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a 1973, shekarar da aka yi ƙidaya, ga kuma fari da ya addabi Arewa. Idan mutum biyar suka tsara waƙa a kan abu guda suka rera a zama guda, ba sai an yi dogon sharhi ba. Kowa zai ji wanda ya cusa kalma don kawai ta cika amsa-amo, da wanda ya samo kalmar da ta zauna daram. Abin da waɗannan mutane suka tara ya kai har wani Bature, Graham Furniss, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan waƙoƙinsu a Jami'ar Landan a 1977.

Daga baya nazarin waƙa ya samu gindin zama a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar da ya kira Gadon Feɗe Waƙa, wadda ɗalibai ke bi suna duba jigo da zubi da salo. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai manazarci yakan zo ne bayan waƙa ta fita duniya. Abokin zama shi ne mai zuwa tun tana ɗanya, lokacin da gyara zai yi amfani.

Abin da ya rage mana

Yau masu tsara waƙa da Hausa sun fi na kowane zamani yawa, kuma muna cikinsu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: idan ɗayanmu ya kawo sabuwar waƙa, me yake samu? "Masha Allah." "Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya masa cewa ɗango na uku a baiti na bakwai ya fi 'yan'uwansa da gaɓa ɗaya. Muna jin nauyin juna, muna tsoron a ce hassada ce. Wanda ya daure ya yi magana kuma, sau da yawa sai ya bar baitin ya kama mai baitin. Ta haka matashi zai shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya, kowa yana ji, babu mai faɗa.

Magabatanmu sun bar mana hanya mai sauƙi. A rera waƙar da murya, kuma wani ne zai rera, ba mai ita ba. Mai gyara ya nuna ɗangon da ya karye, ya faɗi dalili, in ya iya ya kawo kalmar da za ta zauna a gurbin. Mai waƙa ya saurara har a gama kafin ya kare kansa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan ba ya bukatar kuɗi ko ofis. Mutum uku da tabarma sun isa.

Idan kuwa muka rufe waƙarmu ta gaba da roƙon a gyara mana, kamar yadda na da suka yi, to mu shirya wa ranar da wani zai ɗauki maganarmu da gaske.