Daga Buɗe Ƙoƙon Kai Zuwa Zaren Fulatinam

Wani lokaci bangon jijiyar jini a ƙwaƙwalwa kan yi rauni ya kumbura, ya zama 'yar jaka cike da jini. In ta fashe, mutum kan ji ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba, wasu ma kafin a kai su asibiti rai ya yi halinsa. Tun 1937, da Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, an daɗe babbar hanyar magani ita ce a buɗe ƙoƙon kai, a lallaba ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa har a isa jijiyar.

Wasu likitoci sun ga ai jijiyar kanta hanya ce. A Mosko, Fedor Serbinenko ya wallafa a 1974 yadda yake tura ƙananan balan-balan ta cikin jijiya. Sai dai balan-balan ba ya bin siffar kumburin, wani lokaci kuma yakan sace.

Guido Guglielmi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Italiya, shi ya kawo sauyin. Ya isa jami'ar UCLA ta Amurka a 1989, ya haɗa kai da wani likita, Fernando Viñuela, da wani injiniya, Ivan Sepetka. Suka ƙera zaren fulatinam mai laushi, aka liƙa shi a bakin wayar ƙarfe. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar cinya, yana kallon allo, ya bi da shi har cikin kumburin, sannan ya tura zaren ya naɗe a ciki. In zaman bai yi masa ba, ya janye ya sake. In ya yi, sai ya saki 'yar wutar lantarki ta narkar da mahaɗin, zaren ya zauna. Wannan damar janyewa ita ta kwantar wa likitoci hankali. Abin mamaki, Guglielmi ya zaci wutar ce za ta daskarar da jinin, daga baya aka gane cunkoson zaren ne ke yin yawancin aikin. An fara yi wa marar lafiya a 1990, hukumar FDA ta Amurka ta amince a 1995.

Likitocin tiyata ba su karɓa nan take ba, kuma suna da hujja. Don raba gardama, Andrew Molyneux da Richard Kerr na Oxford a Ingila suka jagoranci gwajin ISAT daga 1994, inda aka raba mutum 2,143 da kumburinsu ya fashe gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka saka musu zare, wasu aka yi musu tiyata. A 2002 aka tsayar da ɗaukar sababbi saboda bambanci ya fito fili: bayan shekara ɗaya, kashi 23.7 cikin ɗari na masu zare sun rasu ko sun koma sai an kula da su, masu tiyata kuwa kashi 30.6.

Masu suka sun ce cikin mutum 9,559 da aka duba, kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai aka saka a gwajin, wato waɗanda kowace hanya za ta yi musu. Gaskiya ne, kuma a ganina bai kamata a manta ba. Akwai kuma tangarɗa ta biyu: zaren kan lotsa da bugun jini, kumburin ya sake buɗewa, shi ya sa masu zare suka fi komawa a sake musu aiki, kuma dole a riƙa ɗaukar hotonsu. Amma rahoton 2015 kan marasa lafiyar Birtaniya ya nuna bayan shekara goma kashi 83 na masu zare na raye, masu tiyata kashi 79, sake zubar jini kuma kaɗan ne duk da ya fi yawa a ɓangaren zare. Kumburi mai faɗin wuya, wanda zare ba ya zama a cikinsa, ya ci gaba da wahalar da likitoci, har a 2011 FDA ta amince da Pipeline, ragar ƙarfe da ake shimfiɗawa cikin jijiyar ta karkatar da jini daga bakin kumburin.