Motocin wasa masu rikiɗa zuwa mutum-mutumi: abin da iyaye ya kamata su sani

Waɗannan kayan wasa ne na roba, wasu da ɗan ƙarfe a jiki, da ake lanƙwasa sassansu su tashi daga siffar mota su koma mutum-mutumi, a sake lanƙwasawa su dawo mota. Waɗanda suka fi suna su ne Transformers, da kamfanin Hasbro ya fara sayarwa a Amurka a 1984, bayan ya samo samfurinsu daga kamfanin Takara na Japan. Tun daga lokacin an yi ƙananansu da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, yara da manya na tara su kala-kala, wasu masana'antu kuma na kwaikwayonsu da araha. Yawancin waɗanda ake gani a kasuwanninmu, musamman gab da Sallah, na kwaikwayon ne, ko na gwanjo da suka rabu da kwalinsu.

Akasari ana yin su ne don yara 'yan shekara biyar, shida ko takwas zuwa sama, kuma ga irin waɗannan yara haɗarinsu kaɗan ne. Wanda aka fi kawowa asibiti shi ne ƙanin mai motar, ɗan rarrafe ko mai koyon tafiya, wanda duk abin da ya tsinta a tabarma baki yake kaiwa.

Me ya sa irin wannan abin wasa ya fi mota zalla haɗari?

Kafin abu ya rikiɗa dole ya kasance da gaɓoɓi da yawa. Akwai tayoyi, ƙofofi, kai, hannuwa da 'yar bindiga, kuma da gangan aka yi wasu gaɓoɓin su riƙa ciruwa idan an ja su da ƙarfi, don kada su karye. A na kwaikwayo robar ba ta da ƙwari, sai ta tsage ta bar ɓaraguzai masu kaifi.

A Amurka da Turai ana gwada ƙananan sassa da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya bai halatta a kayan wasan yaron da bai kai shekara uku ba. Wannan ce ma'anar jan da'irar da ke jikin kwali, mai fuskar jariri da rubutun 0-3 an ja layi a kai. Shekarun da aka rubuta a kwali ba wayon yaro suke aunawa ba, faɗin maƙogwaronsa suke aunawa. A gida za a iya gwadawa da kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu: abin da ya faɗa ta cikinsa a nisanta shi da ƙaramin yaro.

'Yan harsasan roba da wasu ke harbawa su ma abin lura ne. A ƙarshen 1978 wani yaro ɗan shekara huɗu a Amurka ya rasu bayan harsashin wani jirgin wasa ya shige masa hanyar numfashi, abin da ya sa aka janye wannan samfuri aka sake fasalinsa. Suna kuma iya raunata ido.

Idan abu ya shiga hanyar numfashi

Yaro yana cikin wasa sai ya sarƙe farat ɗaya. Idan yana tari da ƙarfi, yana kuka ko magana, iska na wucewa. A bar shi ya ci gaba da tarin, a tsaya kusa da shi, kada a ba shi ruwa.

Idan kuwa ba ya iya fitar da murya, tarin ba ƙarfi, leɓɓa ko harshe sun fara yin duhu, to hanyar ta toshe, kuma mintuna kaɗan ake da su. A sa wani ya nemi abin hawa, a fara taimako nan take.

Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da jikinsa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau biyar. Idan abin bai fito ba, a juya shi rigingine a danna tsakiyar ƙashin ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, har sau biyar. Ba a danna cikin jariri.

Wanda ya haura shekara ɗaya, a sunkuyar da shi a buga bayansa sau biyar. Idan bai fito ba, a tsaya ko a durƙusa ta bayansa, a dunƙule hannu a ɗora saman cibiya kaɗan, a dafe da ɗayan hannun, a fizgo ciki da sama har sau biyar. A yi ta maimaita bugun da fizgar. Idan ya suma, a kwantar da shi a wuri mai tauri a fara danna ƙirji da hura numfashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zura yatsa a lalubi abin da ba a gani. Hakan na ƙara tura shi ciki. Sai abin da ake gani ƙarara a baki ake cirewa.

Wani lokaci sarƙewar kan lafa bayan 'yan mintuna, hankalin kowa ya kwanta, alhali abin ya gangara cikin huhu ne, galibi ɓangaren dama. Bayan kwanaki ko makonni sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, numfashi na fito, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, a yi ta maganin asma ko nimoniya ba sauƙi. Roba ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba, don haka labarin da iyaye suka bayar ya fi hoton amfani. Ku gaya wa likita cewa yaron ya taɓa sarƙewa yana wasa, ko da ba a tambaya ba. Ana ciro abin da na'ura mai kyamara da ake zurawa ta baki bayan an yi wa yaron allurar barci.

Idan haɗiyewa ya yi

Ɗan guntun roba mai santsi, kamar taya, idan ya isa ciki yawanci yana fita a bayan gida cikin 'yan kwanaki. Duk da haka a kai yaron a duba shi, kuma a gaggauta idan yana dalalar da miyau, ya ƙi abinci, yana amai, ciki na ciwo, ko abin mai tsini ne. Abubuwa biyu ne ba a jira a gani a kansu: batir da maganaɗisu.

Ƙaramin batir mai kama da maɓalli

Da yawa daga cikin motocin da ke kunna wuta ko yin ƙara da irin wannan batir suke aiki. Idan ya maƙale a hanyar abinci, miyau na haɗa wutarsa, sai ya riƙa samar da sinadari irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, ya ci naman wurin. Cikin awa biyu ƙunar na iya yin tsanani. Tana iya huda hanyar abinci ta kai ga hanyar numfashi ko babbar jijiyar jini da ke kusa, kuma zubar jinin na iya zuwa kwanaki ko makonni bayan an cire batirin. Mafi haɗari shi ne mai faɗin milimita 20, irin CR2032, wanda ake samu a makullin mota da na'urar gwajin suga. Ƙananan irin LR44 da LR41 sun fi yawa a kayan wasa. Su ma suna ƙonawa, kuma su ne yara ke turawa hanci ko kunne. Batirin da ya daina kunna abin wasa sau da yawa yana da sauran wutar da za ta yi illa. Saboda irin waɗannan mace-mace Amurka ta kafa doka a 2022 da ta tilasta a riƙa tsare ma'ajiyar batir yadda yaro ba zai iya buɗewa ba.

Da farko yaron na iya zama garau, ko ya nuna alamun da za a ɗauka mura ce. Zato kawai ya isa dalilin tafiya asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoto, ko da tsakar dare ne. Kada a sa shi amai. Kada a ba shi manja, madara ko ruwan gishiri, kada kuma a ba shi abinci. Idan ya kai shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 da faruwar abin ba, za a iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma, har sau shida, a kan hanyar asibiti. Zuma na rage saurin ƙunar ne kawai, ba ta fitar da batir, kuma bai kamata a ɓata lokaci wajen nemanta ba. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya zuma. Batirin da ya shiga hanci ko kunne kada a ɗiga masa ruwa ko mai, jiƙa shi na hanzarta ƙunar. A kai a cire a ranar. A tafi da abin wasan ko kwalin batirin don likita ya ga girmansa.

Maganaɗisu

Wasu samfuran na da 'yan ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi da ke riƙe sassa. Guda ɗaya kan wuce. Biyu ko fiye, ko ɗaya tare da guntun ƙarfe, suna jan juna ta bangon hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya mutu ya huje. Alamun farko ciwon ciki ne da amai, shi ya sa ake makara. Iyaye ba su cika sanin adadin da aka haɗiye ba, saboda haka ko ɗaya ake zato a je a ɗauki hoto. Sau da yawa sai an yi tiyata.

Fenti mai dalma

Mutanen Arewa sun san gubar dalma tun annobar Zamfara ta 2010, wadda haƙar zinare ta jawo. Fenti ma hanya ce, ko da yake a hankali take yin ɓarna. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda dalma a fenti, wasu saboda maganaɗisu da ke ɓallewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da koyonsa, tana sa ƙarancin jini, kuma gwajin jini ne kawai ke nuna ta. Ba a gane fenti mai dalma da ido. Abin wasan da fentinsa ke ɓamɓarewa a jefar da shi.

Wajen saye da ajiya

A ja tayoyin da hannu tun a kasuwa, a ga ko suna ciruwa cikin sauƙi. A duba murfin batir: wanda aka ɗaure da noti ya fi wanda ake ɓallewa da farce, kuma salatef ba ya hana yaro buɗewa. A gidan da yara ke da yawa, a ba babban yaron gwangwani mai murfi da zai riƙa tattara kayansa, a ajiye a sama, ya kuma yi wasansa inda ƙannensa ba sa rarrafe. A nuna masa cewa idan wani sashe ya ɓace, ko ya ga ƙaninsa ya sa abu a baki, ya faɗa nan take ba za a doke shi ba. Yara da yawa tsoron duka ke sa su yi shiru har a makara. Tsohon batir kuma a naɗe shi da salatef ta fuska biyu kafin a fitar da shi daga gida.